Barka da Juma'a daga Tudun Marke

Malam Abdulmumin mutum ne da ba ya son dogon zance. Ko a masallaci, da an sallame shi ne na farkon neman takalmi, don kada wani ya tare shi da ina gajiya, ina iyali, ya muka ji da zafi. Shekara goma sha biyu ya yi yana aiki da wata gidauniya mai haƙa rijiyoyi da gyara su a ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, kuma duk saƙon imel da zai shiga ofishin nan ta hannunsa yake bi. Bai yi jami'a ba. A wani shagon buga takardu na bakin tasha ya koyi kwamfuta, yau ya ɓata gobe ya gyara, har ta kai malaman jami'a suna kawo masa tasu idan ta ƙi tashi. Wannan ya sa masa girman kai irin wanda mai shi ba ya gani. Shi a wurinsa tsari kawai yake so.

Da hanyoyin daji suka lalace da rashin tsaro, ma'aikatan gidauniyar suka daina zagayen ƙauyuka. Sai aka kafa doka: kowace rijiya tana da mai kula da ita, in ta samu matsala ya aiko da imel, kuma mota ba ta fita sai an ga saƙo a rubuce. Kiran waya ba hujja ba ne. Abdulmumin ne ya kawo shawarar, kuma yana alfahari da ita.

Saƙonni suka yi ta taruwa har suka haura dubu ɗari biyu, ya zamana neman guda ɗaya sai ya cinye wuni. A nan ya samo wata manhaja wadda wasu mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta kyauta, suka bar cikinta a buɗe, duk mai so ya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya ƙara. Aikinta shi ne ta karanta kowace kalma ta kowane saƙo ta yi musu fihirisa, kamar ta bayan littafi. Ka rubuta sunan ƙauye, kafin ka ɗauke yatsa ta jero maka duk inda aka taɓa ambatonsa. Tana kuma bari a liƙa wa saƙo laƙabi, wannan na gyara ne, wannan na siminti ne, wannan na gaggawa ne. Har mutum yana iya rubuta mata ƙa'ida, ta riƙa liƙawa da kanta da saƙo ya shigo.

Abu ɗaya ya rage yana ci masa tuwo a ƙwarya, shi ne ranar Juma'a. Tun da hantsi saƙonni ke fara zubowa, daga 'yan kwangila, daga tsofaffin ma'aikata, daga sakatarorin masu unguwanni, daga mutanen da ko sunansu bai sani ba. Barka da Juma'a, da hoton masallaci da furanni. Wani lokaci ɗari uku a wuni. Ranar da ya gaji ya zauna ya rubuta ƙa'ida mai layi uku. Duk saƙon da kansa ya zo da Barka da Juma'a, a liƙa masa laƙabin gaisuwa, a fitar da shi daga akwatin da ake dubawa, kuma kada ya ƙara fitowa ko da an yi bincike. Bai ce a goge su ba, domin shi ba ya goge abin da ke ɗauke da sunan Allah. Ya dai tura su inda ido ba ya kai wa. Juma'ar da ta biyo baya akwatin ya yi fes. Ya ji daɗi, ya manta. Shekara biyar.

A ƙarshen wani Agusta, ana tsakiyar ruwa, bakin rijiyar Tudun Marke ya rufta. Tudun Marke ɗan ƙauye ne a yankin Barkiya, gida bai fi arba'in ba, kuma rijiyar nan ita kaɗai gare su. Ta rufta da wata mata mai suna Kulu da 'yarta Nana, suna cikin ɗibar ruwan safe. Sai bayan azahar aka ciro gawarsu.

Mai kula da rijiyar shi ne limamin ƙauyen, Malam Audi, dattijo ɗan saba'in da wani abu. Ya ce ya ga tsaga tun farkon wata, ya kira ofis an ce masa a rubuto, ya kuma rubuto. Shi ba ya taɓa waya mai shafawa, amma yana da 'ya, Muhsina, tana koyarwa a wata firamare a Kurfi. Ita ya zaunar ya yi wa shifta, ta rubuta a wayarta, ta ce masa ta aika.

Aka kira zama a ofishin gidauniyar a Dutsin-Ma. Shugabar ofishin, Hajiya Lubna, tana nan, ga Malam Audi, ga mai unguwa, ga Alu mijin Kulu a zaune can gefe. Abdulmumin ya juyo musu fuskar kwamfutar don kowa ya gani. Ya rubuta Tudun Marke. Saƙonni sha huɗu suka fito, na ƙarshensu tun bara. Ya rubuta rijiya, ya rubuta tsaga, ya rubuta sunan Muhsina. Babu.

"Allah gafarta Malam," ya ce, "ni zan iya mantuwa, Hajiya za ta iya mantuwa. Wannan ba ta mantuwa. Abin da ya shigo yana nan. Abin da ba ya nan bai shigo ba."

Ba ƙarya ya yi niyya ba. Ya yarda da abin da ya faɗa har cikin ransa, kuma wannan yardar ce ta sa kowa ya yarda.

Aka nemi Muhsina ta nuna a wayarta. Wayar an zare ta daga jakarta a motar kasuwa mako guda kafin rijiyar ta rufta, kuma adireshin imel ɗin wani mai cajin waya ne ya buɗe mata shekarun baya, kalmar sirrin ba ta taɓa saninta ba. Ba ta da komai sai bakinta.

Malam Audi ya koma gida da kunyar da ta fi ƙarfinsa. Bayan sallar la'asar ya tsaya a ƙofar masallaci, a gaban Alu da sauran jama'a, ya ce shi ya sauke nauyinsa, ɗiyarsa ce ta ci amanarsa ta kuma yi masa ƙarya. Ya rantse da Allah ba za ta ƙara taka gidansa ba sai ranar da aka ga saƙon nan da ido.

Wata bakwai bayan haka, a tsakiyar bazara, Abdulmumin yana ofis bayan azahar, fanka a tsaye saboda ba wuta, wata mata ta yi sallama. Doguwa ce, siririya, hijabinta ya yi jirwaye da zufa.

"Malam, ni ce Muhsina, ta Malam Audi."

"Malama, ai an gama wannan maganar."

"Ku kun gama. Ni ban gama ba." Ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. "Innata ba lafiya. Inna Rabi. Ƙafafunta sun kumbura tun kafin azumi. Da, in na je sai in tsaya gidan maƙwabta, ita ta fito jikin danga mu yi magana ta kafar dangar. Yanzu ba ta iya tashi. Jiya ina jin tarinta ta dangar, ina kira, ba ta ji."

"Ai Malam ya fi ni sanin rantsuwa tana da kaffara."

"Ya sani mana. Shi ke koya wa mutane. Amma ya ce da wane ido zai dubi Alu in ya warware? Malam, ka ƙara dubawa. Ni ban san abin naku ba, amma na san na danna, na ga ya tafi. Sai da na hau tudun bayan makaranta na samu sabis."

"Na duba a gaban mahaifinki."

"To bari in karanta maka shi, ko wata kalma ta taimake ka. Na haddace shi. Wata bakwai ba abin da nake maimaitawa sai shi."

Ya ɗaga kafaɗa. Ta gyara zama kamar mai biya allo.

"A sama, wurin da ake sa kan magana, ya ce in sa Barka da Juma'a."

Abdulmumin yana riƙe da biro. Ya ajiye shi a hankali.

"Na ce mashi, Baba, a sa rijiya ta tsage, su gani da wuri. Ya ce ke dai ba ki da kunya, ni zan faɗa wa manya da mummunan labari a baki, ba sallama ba gaisuwa, ranar Juma'a? Ya ce ubansa bai koya mashi haka ba. Sai na sa yadda ya ce."

Ta ci gaba da karantowa, amma shi ya daina ji. Layi ukun nan da ya rubuta shekara biyar da suka wuce suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya, har yana tuna rigar da ke jikinsa ranar. Kwamfutar tana gabansa, da sauran caji. Abin da ake bukata kawai ya ƙara kalma biyu a binciken, ya ce a haɗa da masu laƙabin gaisuwa. Da ya yi haka, da ta ga saƙon da idonta kafin ta tashi daga kujerar, da ta kama motar la'asar ta kwana a ɗakin uwarta.

Ya rufe kwamfutar.

"Cajin ya kusa ƙarewa," ya ce. "Ki bar lambarki. In an kawo wuta zan duba."

Ta rubuta lambar a bayan wata takardar jarrabawa, ta yi masa godiya, har da addu'ar Allah ya raya masa zuri'a. Tana fita ya buɗe.

Yana nan. Juma'a, sha ɗaya ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida na safe. Ba a taɓa buɗe shi ba.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga Audi ɗan Malam Ridwan, limamin Tudun Marke, zuwa ga shugabanni da ma'aikata baki ɗaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina taya ku murnar wannan rana mai albarka. Ina gaida Hajiya da iyalinta, Allah ya ƙara mata lafiya. Ina gaida direbobi da magina. Ina gaida Malam Abdulmumin mai kwamfuta, wanda na ji labarin ƙoƙarinsa, Allah ya ƙara basira. Damina ta yi kyau a wajenmu, gero ya fara ciki, mun gode Allah. Bayan haka, ina sanar da ku cewa bakin rijiyarmu ya tsage ta gabas, tsagar tana cin hannun babban mutum, kuma ƙasa tana zuba ciki in an taka. Na sa ƙaya amma mata suna janyewa, don ba mu da wani ruwa. A taimaka a zo da wuri. Wassalam.

Kwana goma sha tara tsakanin wannan da ranar da Kulu ta ɗauki guga. Gyaran bakin rijiya aikin kwana biyu ne.

Washegari ya shiga ofishin Hajiya Lubna ya rufe ƙofa, ya ajiye mata kwamfutar. Ta karanta har ƙasa, ta cire tabarau, ta daɗe tana murza idanu.

"Wa ya sani?"

"Ni da ke."

"Malam Abdul, rahotonmu ya tafi wurin masu ba da tallafi tun Satumba. Mun ce ba a sanar da mu ba. Da sa hannuna, da naka a ƙasa. Ka san abin da za su yi in suka ji? Rufe mu za su yi. Rijiya ɗari biyu da sha huɗu, wa zai duba su? Kai?"

"Hajiya, akwai yarinyar da aka hana shiga gidansu."

"Na sani. Zan sa a je a ba dattijon haƙuri, a ce mashi wataƙila sabis ne ya cinye saƙon a hanya. Ba laifin kowa. Wannan kuwa ka goge shi."

"Ya rantse sai an gani da ido. Kuma ba zan iya gogewa ba, akwai sunan Allah a ciki."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Sunan Allah yana ciki wata bakwai a kwance, bai dame ka ba. Kai ne fa mai cewa na'urarka ba ta mantuwa. To ba ta manta ba, Malam Na'ura, kai ka ce mata ta yi shiru. In ba ka gogewa, bar shi inda yake. Ai wurin da ka gina mashi ya fi kabari rufi."

Ya fito bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Wanda ta ce za ta aika ba ta aika ba, shi ma bai tuna mata ba.

Ba Hajiya ce ta riƙe shi ba, gaskiyar magana ke nan. Da rijiyoyi ɗari biyun ne suka dame shi, da sai ya kira Muhsina ita kaɗai, ya buga mata takardar, ta kai wa mahaifinta a ɓoye. Ya yi tunanin haka tun ranar farko. Abin da ya hana shi shi ne fuskar kwamfutar da ya juya wa mutane, da muryar da ya yi magana da ita. Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana gyara wa kowa kuskure, yana mayar wa direba takarda saboda kwanan wata, yanzu zai tsaya ya ce mutum biyu sun mutu saboda gaisuwa tana gundurarsa. Kullum ya wayi gari da niyyar yau, kafin azahar ya samo dalilin gobe. Ran Talata tawadar firinta ta ƙare. Ran Laraba aka ce an ga baƙin babura a hanyar Kurfi. Ran Alhamis ya ce bari Juma'a ta wuce.

Muhsina ta kira ranar ta uku.

"Malam, an kawo wutar?"

"Ana kan dubawa, Malama. Saƙonnin da yawa."

Ta sake kira ranar ta shida, muryarta ta dushe.

"Malam, ba ta cin komai yanzu sai koko. Maƙwabciyarmu ta ce sunana take kira. Ko ba ka gani ba, ka ce min ba ka gani ba, in san abin yi."

"Ki ƙara haƙuri kaɗan. Na kusa."

Bai ce bai gani ba, don yana ganin wannan ƙarya ce. Da irin wannan ya riƙa lallashin kansa cewa shi ba maƙaryaci ba ne.

Daga nan ba ta sake kira ba. Ranar ta bakwai, ta takwas, ta tara, yana ta duba wayar. Da farko ya ji sauƙi. Sannan shirun ya fara hana shi cin abinci, har matarsa ta tambaye shi ko zazzaɓi ne. Ranar ta goma sha ɗaya da safe ya je shagon bakin tasha, inda ya koyi aikin, ya buga saƙon kofi biyu, da kwanan wata da lokacin shigowarsa a sama. Bai gaya wa Hajiya ba. Ya shiga motar Kurfi, daga can ya hau ɗan acaɓa.

"Tudun Marke?" in ji ɗan acaɓan. "To Malam, kafin la'asar mu juyo, ni ba na kwana a hanyar nan. Ta'aziyya za ka?"

"Ta'aziyyar wa?"

"Matar liman mana. Yau uku."

Abdulmumin ya riƙe ƙarfen bayan babur, suka yi ta faɗawa ramuka. Kusa da ƙauyen suka wuce wani rami da aka cike da ƙasa aka jibge masa ƙaya, sannan suka wuce mata a jere da jarkoki a ka, suna tahowa daga wani rafi mai nisa. Ba wanda ya ce masa rijiyar ke nan. Ya gane.

An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin marken ƙofar gidan liman, maza kusan talatin a zaune. Malam Audi yana tsakiya, ya rame, rawaninsa ya yi masa yawa. Alu yana kusa da shi. Abdulmumin ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa. Wannan karon ya yi ta cikakkiya, yaya haƙuri, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta, ya ba da haƙurin rashi. Dattijon ya amsa kowace ɗaya, sannan ya ƙura masa ido.

"Kai ne mai kwamfuta."

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Ka yi nisa. Allah ya ba da lada."

Abdulmumin ya ga a nan ma akwai ƙofar fita. Zai iya shafa fatiha ya tashi, a ce ya kyauta. Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardar.

"Malam, saƙonka ya iso. Tun ranar da aka aiko shi ya iso. Ga shi."

Dattijon ya karɓa, ya juya ta, ya mayar masa.

"Ba ni karanta boko. Karanta."

Ya karanta da ƙarfi, daga Barka da Juma'a har wassalam. Da ya zo kan sunansa sai da ya tsaya. Malam Audi yana bin kalmomin da leɓɓansa. Da aka zo kan geron da ya fara ciki, wani tsoho a baya ya ce la'ilaha illallahu. Alu ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa.

"To ya aka yi ba ku gani ba?" in ji mai unguwa.

"Ni na sa a riƙa ware duk saƙon da ya fara da Barka da Juma'a, a ɓoye shi. Suna da yawa, suna cika mana wuri. Na manta na yi haka. Laifina ne. Ba na Malam ba ne, ba na Malama Muhsina ba ne."

"Wato gaisuwar ce ta yi laifi," in ji Malam Audi a hankali. Ba faɗa yake ba, kamar yana gwada maganar ne a bakinsa ya ji ko za ta zauna. "Ta ce mani a sa rijiya a sama. Ta faɗa mani."

Sannan ya ɗago.

"Yaushe ka gano?"

Ba wanda ya san amsar a wurin sai Abdulmumin. Da ya ce jiya, da an yarda, da har an yaba masa da ya taso da wuri.

"Kwana goma sha ɗaya ke nan."

Dattijon ya dubi yatsunsa. Ya lanƙwasa uku, kwanakin rasuwar matarsa, ya dubi sauran, ya ga ba su isa ba. Bai zage shi ba, bai tsine masa ba. Abdulmumin ya so a ce ya yi. Wani saurayi daga dangin Alu ya miƙe, aka riƙe masa riga ya koma ya zauna.

"A kira mani Muhsina," in ji Malam Audi.

Tana gidan maƙwabta, inda ta yi kwana ukun tana karɓar gaisuwar mutuwar uwarta a tsakar gidan wasu. Ta fito ta tsaya nesa da tabarmin maza. Ta ga Abdulmumin, ta ga takardar a hannunsa, ba ta tambayi komai ba.

Mahaifinta ya dafa sanda ya miƙe. Sai da aka tallafe shi.

"Ɗiyata, an ga saƙon. Kin aika. Ni na zalunce ki, a gaban mutanen nan na yi, a gabansu nake faɗa. Rantsuwa ta sauka. Shiga gida."

Ta tako har bakin zauren. Ta tsaya tana kallon cikinsa, dogon zaure mai duhu da ƙofa ta biyu a can ƙarshe, inda ake hango igiyar shanya da wani zane a kai. Kowa yana jira.

"Baba," ta ce, "wa zan gani a ciki?"

Ta juya ta dubi Abdulmumin.

"Ranar da na zo, Malam, da caji a kwamfutar?"

"Akwai."

Ta gyaɗa kai, kamar malamar da ɗalibi ya ba amsar da ta riga ta sani. Ta gyara hijabinta ta koma gidan maƙwabta. Malam Audi ya daɗe a tsaye yana kallon inda ta shige, har aka zaunar da shi.

Ɗan acaɓan ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Malam, rana ta karkata fa."

Abdulmumin ya ajiye takardar a gefen tabarma, ya ɗora mata dutse don kada iska ta ɗauke ta. Ya yi sallama. Mutum biyu ko uku suka amsa, don sallama dole a amsa ta.

Washegari ya riga kowa zuwa ofis. Ya goge layi ukun, abin bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Sannan ya ce wa manhajar ta nuna masa duk saƙon da ke ɗauke da laƙabin gaisuwa. Kafin ya ɗauke yatsa ta jero su: dubu talatin da takwas da ɗari shida da goma sha biyu, ban da na Malam Audi ba ko ɗaya da aka taɓa buɗewa. Ya jawo kujera ya fara daga na farko, yana karanta kowanne har ƙasa. Na ɗaya furanni ne. Na biyu furanni ne. Na goma sha bakwai daga wani mai unguwa ne a yankin Karofi, shekara biyar da suka wuce. Ya gaida Hajiya, ya gaida direbobi, ya yi addu'ar damina, sannan ya ce bayan haka.